Ɗan Kunnen Goje

Bana damina ta yi mana nawa a Gusau. Hadari ya yi ta haɗuwa ta gabas, ya yi baƙi, ya yi cida, sai iska ta taso ta watsa shi ta bar mu da gumi. Ran da ruwan ya sauka da gaske ina zaune a shagona na gyaran waya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo har inda nake, maƙwabtana suna ta hamdala. Ni ma na yi, amma a leɓe ta tsaya. Tun wata damina da ta wuce shekara goma da ɗoriya, ruwan farko ba ya sa ni murna, Goje yake tuna mini.

Goje sa ne. Ɗaya ne daga cikin shanun huɗa biyu na mahaifina, Malam Garba, a ƙauyenmu da ke bayan Rawayya, ƙasar Bunguɗu. Ja ne, mai faɗin ƙirji, ƙahonsa na hagu ya ɗan sunkuya. Abokin karkiyarsa Ɗanfari, shi kuwa malalaci ne na bugawa a jarida, in Goje bai ja ba ba ya motsi. Tun suna maruƙa Baba ya saye su, ya hore su da hannunsa. In ya dawo daga masallaci, tun daga zaure yake cewa "Goje!" sai ka ji san ya amsa daga turke da wata murya mai kauri. Inna kan ce, "Wanga sa ya hi ɗiyanka jin kira." Baba ya ce ai shi ba ya roƙon kuɗin kati.

Gonarmu laka ce, mai nauyi, in ta sha ruwa sai ta riƙe garma. Shanun nan su ne ƙarfin gidan. Su yi huɗar tamu, su yi ta mutane, da kaka a biya Baba da dammunan dawa. Da wannan ake cika rumbu, ake ciyar da Baba da Inna da matar marigayi yayana da 'ya'yanta. Ni ina Gusau a lokacin, ina ɗan gyaran waya a bakin tasha, abin da nake samu ko ni bai ishe ni ba.

A shekarar ne satar shanu ta fara fin ƙarfin mutane. Sai ga wani kamfani ya zo da dabara. Za a maƙala wa kowace dabba wani ɗan abu na roba, ruwan ɗorawa, a kunne. A cikinsa akwai lamba da sunan mai dabbar da garinsu. Ba shi da batir, ba ya motsi, sai an nuna masa na'urar karatu. Iskar da na'urar ke fitarwa ita ke tashinsa ya yi magana. Mutane suka sa masa suna ɗan kunne, suna dariyar an mai da bijimai amare. Da yake hannuna ya saba da waya, aka ɗauke ni cikin masu riƙe na'urar.

Na'urar ba ta fi tocila babba ba, da ɗan allo a bayanta. Umarni biyar aka koya mana. Akwai kira: ka danna, duk ɗan kunnen da ke kusa ya amsa da lambarsa, na'urar ta yi ƙit, ƙit, ƙit, allo ya cika. Akwai karanta: ka zaɓi guda, ka tambaye shi abin da ke cikinsa, ya faɗa maka mai shi. Akwai rubuta, in dabba ta canza hannu. Akwai kulle, don kada wani ya goge abin da aka rubuta. Na biyar shi ne kashe. Wannan na dabbar da za a kai mayanka ne, don kada a cire ɗan kunnenta a maƙala wa ta sata. Ɗan kunnen da aka kashe ba ya sake amsawa har abada, ko da kuwa robarsa tana sheƙi. Kashewa tana buƙatar lambar sirri, kuma a duk yankinmu mutum ɗaya ke da ita, shugabanmu, wanda muke kira Manaja.

Na so aikin nan, ba zan ɓoye ba. Ka tsaya a bakin tike, wato wurin cinikin dabbobi, ka ɗaga hannu ka danna, garke guda ya faɗa maka sunayen iyayen gidansa. Har dattawan kasuwanni suka zauna da manoma da dillalai aka yi yarjejeniya. Rantsuwa ta yi araha, ɓarawo ya dafa Alƙur'ani ya wuce ko gezau. Don haka daga yau in gardama ta tashi kan dabba mai ɗan kunne, abin da na'ura ta ce shi ne magana. Manoma ne suka fi kowa murna da wannan.

Ran da muka je ƙauyenmu da bazara, Baba ne farkon layi. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a don a san ɗansa ne mai karatun shanu. Gidanmu muna da tamu shaida tun kakanni, tsaga biyu a gefen kunnen dama. Mai huda kunnen ya so ya sa abin can sama, Baba ya riƙe masa hannu.

"A'a, yaro. Shaida inda shaida take aka sa ta. Sa shi nan tsakanin tsagar ga biyu, sabuwa ta hau bisa tsohuwa."

Aka yi yadda ya ce. Na Ɗanfari ya warke lafiya. Na Goje kuwa zafin bazara da ƙudaje suka shiga wurin, naman da ke tsakanin tsagar ya ruɓe ya faɗi. Aka mai da ɗan kunnen sama, gefen kunnen ya warke a gutsure. Inna ta tsaya ta daɗe tana kallon kunnen.

"Malam, shaidarmu ta tahi."

"Ga wadda ta hi ta nan," in ji Baba. "Wagga sunana ta sani."

Ruwan shuka ya sauka a kan kari a shekarar. An shuka gero da dawa, sun fito kore shar, an fara ɗaga kunyoyin gyaɗa da waken suya. Wata ranar da tsakar rana, bayan an kwance shanun gari daga karkiya an kai su fadama su huta, mutane a kan babura suka fito daga daji suka kora su gaba ɗaya. Ba wanda ya iya ko tari. Washegari da hantsi Ɗanfari ya dawo shi kaɗai, ƙafarsa duk ƙaya, ya tsaya a ƙofar gida yana huci. Malalacin nan, lalacinsa ne ya cece shi, ina jin sun gaji da jansa ne suka bar shi.

Baba ya kira ni a waya. Muryarsa ko rawa ba ta yi.

"Muntari, kar ka damu. Ai da ɗan kunnenai. Duk kassuwar da anka kai shi, na'urarku za ta hwaɗi."

Ni ma haka na ɗauka. Na shiga bin kasuwanni, har waɗanda ba ranar aikina ba. Gusau, Bunguɗu, Magami, Tsafe. In na isa in ɗaga na'ura in danna kira, in tsura wa allo ido ina neman lambar Goje, wadda na haddace fiye da lambar wayata. Ana haka ciyawa tana cin gonarmu. Kowace safiya Baba ya kira ya tambaye ni, "Ya amsa?" in ce tukuna.

Ran da na gan shi ba na'ura ce ta nuna mini shi ba, idona ne. Wata kasuwar shanu ce can wajen Bilbis, ba zan faɗi sunanta ba. An yi ruwa da asuba, tiken ya zama taɓo da kashin shanu, rana ta fito tana dafa shi. Can cikin shanun wani babban ɗan kasuwa, Alhaji Mamman, mai loda dabbobi zuwa kudu, na hango jan sa da sunkuyayyen ƙaho. Ya rame, an ƙona masa wani tambari a cinya wanda ko warkewa bai yi ba. Nan take na kira Baba na ce ya hau mota ya taho. Sannan na matsa na danna kira.

Shanun da ke kewaye da shi duka suka amsa. Goje shiru.

Na ƙara wa na'urar ƙarfi. Na canza batir. Na shiga cikin taɓon na kama kunnen, na ɗora bakin na'urar a kan robar. Ɗan kunnenmu ne, bai tsage ba, bai fashe ba, lambar da aka buga a bayansa kawai aka kankare. Na danna karanta. Allon ya tsaya fari fat. Ɗan kunnen da ya lalace yakan yi gardama, ya amsa yau gobe ya ƙi, ko ya ba da rabin lamba. Irin wannan shirun kuwa na san shi, na sha ganinsa a ƙofar mayanka.

Baba ya iso bayan azahar, ƙafarsa duk laka. Bai nemi kowa ba. Ya tsaya daga nesa, bayan shingen, ya ce, "Goje."

San ya ɗaga kai ya amsa. Ya sake amsawa, ya finciki igiya har turken ya yi rawa. Mutanen da ke wurin suka juyo, aka fara ƙus-ƙus. Kafin ka ce me an kira sarkin tike, dattijon da ke raba gardama a wurin, aka shimfiɗa masa buhu a ƙarƙashin rumfa. Alhaji Mamman ya zo yana sakace haƙori. Manaja ma yana kasuwar, aka kira shi.

"Wanga sa nawa na," in ji Baba. "Kowa ya ji ya amsa."

Alhaji Mamman ya yi murmushi. "Baba, sa ai ko ni na riƙe kwanon dusa na kira shi Goje ya amsa. Ni saye na yi."

Sarkin tike ya tambayi Baba shaidar gidansu. Baba ya ce tsaga biyu a kunnen dama. Aka je aka duba, aka dawo aka ce kunne a gutsure yake, ba tsaga ko ɗaya. Baba ya fara bayanin ƙudaje da bazara, wani daga baya ya ce ai kowane mai nema da labarinsa.

"To, a tambayi na'ura," in ji sarkin tike. Ya dube ni. "An ce kai na ɗanai. Madalla, ba mai cewa an cuce shi. Kira mu ji."

Na kira. Ina ji a jikina Baba yana kallon hannuna.

"Ta amsa?"

"Ba ta amsa ba, ranka ya daɗe. Amma kashe shi anka yi."

"Wa anka kashe? Ga sa nan tsaye shina tuƙa."

Aka fashe da dariya. Na yi ƙoƙarin bayani, cewa ɗan kunnen nake nufi, cewa akwai umarnin da ke rufe bakinsa har abada. Wani ya ce to in kashe shi aka yi kamar rediyo, a kunna shi mana. Aka sake dariya. Na ce ba ya kunnuwa, kuma ba mai iya kashe shi sai mai lambar sirri. Ban ambaci suna ba. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, Manaja ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, kayan roba ne. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ya lalace. Yaron nan hankalinsa ne ya tashi, babansa ne, dole." Sai ya matso kusa da ni ya rage murya. "Muntari, ka iya bakinka. Masu neman aikin nan sun fi shanun kasuwar nan yawa."

Baba ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Ya ce a ba shi kwana guda ya kawo mutanen garinsu kaf su shaida. Sarkin tike ya girgiza kai, kuma na ga ba daɗi yake ji ba.

"Malam, ku manoma kunka ce a aje rantsuwa a kama na'ura. Yau in na buɗe ƙofar ga, gobe kowa ya zo da mutanen garinsu. Na'ura ba ta san ka ba. Sai haƙuri."

Gobara daga kogi ke nan. Abin da aka kawo don ya tsare mana dukiya shi aka riƙe aka yanke mu da shi.

Da la'asar aka jawo tirela bakin tudun lodi. Muna tsaye aka kora Goje sama, ana dukansa da sanda a gindi saboda ya turje. Ya yi ta juyo da kai yana kuka. Na ce, "Baba, shina nemanka." Baba ya ce, "Na sani. In na kira shi za shi amsa, su ƙara mai duka." Bai sake buɗe baki ba har motar ta hau kwalta. Da muka zo rabuwa a Gusau ya ce in gaida gida.

Daga nan damina ta nuna mana halinta. Sa ɗaya ba ya jan garma. Baba ya nemi aron wani ya haɗa da Ɗanfari, amma duk garin an kwashe. Ya gwada haɗa shi da jakin maƙwabci, karkiya ta karkace, jakin ya durƙusa, Ɗanfari ya tsaya yana kallon gefen da Goje ke tsayawa. Sai Baba ya shiga ɗaki ya fito da garmar hannu da ya rataye shekaru, ya sa mata sabuwar ƙota. Mutum ya haura sittin, ya koma ɗaga laka da ƙugunsa.

Tun asuba yake fita da kunun da ba sukari. Matar yayana ta bi shi da fartanya, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Rana ta buɗe, laka ta yi tururi, gumi ya jiƙe su har ka rantse ruwa ne ya dake su. Su nome gefe guda, kafin su kai ɗaya gefen ciyawar harƙiya ta sake rufe na farkon. An kira gayya sau ɗaya. A da in Baba ya kira gayya sai an rasa wurin tsayawa, don kowa ya san shanunsa za su rama masa. A wannan karon 'yan tsiraru suka zo, kowa kunnensa na daji, ƙarar babur ɗin mai kai amarya ma sai da ta watsa su. Rabin gonar aka bar wa ciyawa. Yau ma ciyawar ce a wurin, ba mai zuwa noma can, mutanen garin da yawa suna nan Gusau suna tura baro.

Da marka ta shigo, ruwa ya ƙi ɗaukewa. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Itace ya jiƙe, Inna ta yi ta hura wuta hayaƙi yana cin idonta. Katangar bayan gida ta zube. Rumbu kuwa tun kafin nan aka fara jin ƙasansa, sai an zura yaro ciki ya sharo abin da ya rage. Tuwo ya koma sau ɗaya, da magariba. Da rana sai kwaɗon tafasa ko na rama, da farko da ƙuli-ƙuli, daga baya da gishiri kawai. Dusar da aka saba ajiye wa shanu aka fara tankaɗewa ana dama wa yara.

Ni kuwa ban bar aikin ba. Abin da nake samu shi nake auno masara da shi in kai gida ranar hutu, a cikin leda biyu don kada ruwa ya taɓa. Kowace safiya in je ofis in rusuna in ce, "Barka da asuba, Manaja," ya amsa yana danna waya, ya miƙo mini na'ura. Na tsane shi. Ban taɓa samun wanda zan kai ƙara wurinsa ba, don duk wanda zan gaya wa sai ya tambayi Manaja ko gaskiya ne. A kasuwa kuma manoma su yi ta sa mini albarka, suna kawo shanunsu a maƙala musu ɗan kunne. Wanda na yarda da shi nakan ce masa a hankali, kada ya bari a taɓa tsohuwar shaidarsa.

Ana cikin markar Baba ya faɗi a gona. Matar yayana ce ta same shi zaune cikin kwarin kunya, ruwa har ƙugu, ya kasa miƙewa. Aka ɗauko shi a amalanke. Ƙirjinsa ya riƙe, tari ya kama shi, ga ƙaramar jikarsa zazzaɓi ya kwantar. Gero bai nuna ba tukuna, ko tumu ba a fara samu ba. Inna ce ta faɗi abin da kowa ke gudun faɗa, ta faɗe shi tana kallon murhu.

"Malam, sai a hidda Ɗanfari."

Baba ya ce shi zai kai shi kasuwa da ƙafarsa. Na ce ya bari in kai, ya ce sa ba kaza ba ne da za a aika da shi.

Kasuwar da ta fi kusa da mu muka kai shi, ranar aikina ce a can. Ana yayyafi. Tiken cike yake da dabbobi ramammu, kowa yunwa ta koro shi ya sayar, masu saye kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Baba ya zauna a kan wani dutse, ya lulluɓa da buhu, igiyar a hannunsa. Dillali ya yi ta kai da kawowa har rana ta karkata. Mutum ɗaya ne ya taya da abin da za a iya saurara. Da dillalin ya nuna shi, sai ga Alhaji Mamman a ƙarƙashin lema, don shi duk kasuwannin yankin yake bi.

Na ce, "Baba, mu koma da shi. Wani mako mu dawo."

Ya yi tari, ya tofar. "Wani mako mi za su ci?"

Aka sallama. Doka ce ba dabbar da za ta fita tike sai an karanta ta a ƙofa, kuma ni ne a ƙofar. Aka jawo Ɗanfari gabana. Manaja yana tsaye a gefe cikin rigar ruwa. Na ɗaga na'ura na danna kira. Ko daƙiƙa ba a yi ba ta yi ƙit. Na danna karanta.

"Mi tac ce?" in ji Baba.

"Sunanka, Baba. Garba, Rawayya."

Ya gyaɗa kai. "Ashe ta san ni. Ran da za ni saidawa."

Alhaji Mamman ya juya ga mutanen da ke wurin yana dariya. "Kun gani ko? Na'ura ba ta ƙarya. Naka naka ne, Baba, ga shi ta faɗa." Sannan ya ce da Manaja wannan ba na kiwo ba ne, mayanka za shi, a rufe shi.

Manaja ya karɓi na'urar daga hannuna. Ya juya mana baya kaɗan, ya danna 'yan lambobi da babban yatsa, ya nuna ta ga kunnen Ɗanfari. Bai kai tsawon atishawa ba. Ya miƙo mini ya ce in tabbatar. Na danna kira, allon ya tsaya fari.

Baba ya taso daga inda yake, ya matso har gaban Manaja. Bai ɗaga murya ba.

"Shi ke nan? Haka anka yi ma Goje?"

Manaja ya duba agogonsa ya ce akwai layi.

A wajenmu ba a sayar da dabba da igiyarta. Mai saye yakan zo da tasa, mai sayarwa ya kwance tasa ya koma da ita gida, don albarkar kiwo ta zauna a turke, wata dabbar ta zo ta gaje ta. Ko akuya mutum ya sayar ba ya barin igiya. Yaran Alhaji suka zura wa Ɗanfari tasu, dillali ya kwance tamu, ya naɗe ta, ya miƙo wa Baba da hannu biyu. Igiyar rama ce, Baba ne ya tufka ta da kansa.

Baba ya dube ta, bai miƙa hannu ba.

"Bar ta nan," ya ce. "Ba ni da abin ɗauri."

Dillalin ya juyo gare ni da ita. Na kai hannu zan karɓa, Baba ya ce, "Muntari, na ce a bar ta." Sai dillalin ya rasa yadda zai yi, ya rataye ta a kan shinge. Baba ya ja buhunsa ya rufe kai, ya kama hanyar tasha a cikin yayyafin, yana tafe yana dafa bango. Ban iya raka shi ba, an riga an jawo wani san gabana in karanta.